Jiki Magayi: Saƙon Cikin Jiki a Ciwon Damuwa da Tunanin Kashe Kai

 

A zangunanmu na Kumasi, daga Aboabo da Asawase har Akwatia Line da Tafo, da wuya a ji mutum ya buɗe baki ya ce yana fama da ciwon damuwa. Abin da muka fi ji shi ne ƙirjina ya yi nauyi, kaina yana zafi, gabana yana faɗuwa ba dalili, jikina ya mutu, abinci ya daina yi mini daɗi. Daga nan sai a nufi kantin magani a sayi maganin zazzaɓi ko na ƙarin jini, ko a zo wurin malam neman tofi da rubutu. Wani yakan yi wata da watanni yana wannan zarya, alhali ciwon da ke damunsa yana da suna a asibiti, yana kuma da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da 700,000 ne ke mutuwa ta hanyar kashe kansu a kowace shekara, kuma ciwon damuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutum ga haka.

Wannan bayani ya tattara abin da masana suka gano game da yadda mutum ke jin abin da ke gudana a cikin jikinsa, da yadda ciwon damuwa ke ɓata wannan ji, da dalilin da ya sa shirun jiki yake da haɗari ga wanda tunanin kashe kai ya fara ziyartarsa. Mun rubuta shi domin limamai da ɗalibai da iyaye, saboda mafi yawan lokaci su ake fara kai wa kuka kafin likita.

Mene ne jin cikin jiki?

Ɗalibi ya san gaɓoɓin ji guda 5: gani, ji, shinshina, ɗanɗano da taɓawa. Duk waɗannan labarin waje suke kawowa. Akwai wani ji da ke kawo labarin ciki, wanda da shi mutum ke sanin yana jin yunwa ko ƙishirwa, ko zuciyarsa tana bugawa da sauri, ko numfashinsa ya yi gajere, ko mafitsararsa ta cika, ko barci ya zo. Likitan Ingila Charles Sherrington ne ya ware wannan ji ya ba shi suna a littafinsa na 1906, kuma daga wannan suna ne aka samo kalmar intarosefshan da masana ke amfani da ita yau. Mu a nan za mu kira shi jin cikin jiki.

Yadda abin yake aiki shi ne, a zuciya da huhu da hanji da jijiyoyin jini akwai ƙananan ma'aunai da ke lura da matsi da zafi da yawan iska da sukari. Suna aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta laka da kuma ta wata doguwar jijiya da ake kira bagus, wadda ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta ratsa ƙirji har ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na zaruruwan wannan jijiya daga jiki suke kai labari sama. Saƙon yana taruwa a wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna insula, wato tsibiri a harshen Latin, wanda yake ɓoye a can cikin kowane gefe na kai. A 2002 masani Bud Craig na Amurka ya bayyana wannan hanya dalla-dalla, a 2004 kuma Hugo Critchley da abokan aikinsa a Landan suka nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa mutanen da suka fi iya jin bugun zuciyarsu, wannan sashe ya fi aiki a wurinsu.

Muhimmancin wannan ji ya wuce sanar da yunwa da ƙishirwa. Tun 1884 William James ya yi iƙirarin cewa tsoro da fushi da murna suna ginuwa ne a kan abin da mutum ya ji jikinsa yana yi. Masana na baya sun gyara maganarsa ta fuskoki da dama, amma asalinta ya tabbata: yanayin zuciya yana da kaso babba daga jiki. Antonio Damasio ya ƙara da cewa, a littafinsa na 1994, hatta yanke shawara tana dogara da wannan saƙo, domin jiki kan yi wa mutum gargaɗi kafin tunani ya gama lissafi. Bahaushe ya riga ya san wannan, shi ya sa yake cewa jikina ya ba ni.

Abin da harshenmu da magabatanmu suka sani

Duk wanda ya duba Hausa zai ga ta ajiye halin rai a cikin gaɓoɓi. Murna farin ciki ce, akasinta baƙin ciki. Tsoro faɗuwar gaba ne, karaya sanyin jiki ce, firgita tashin tsigar jiki ce. Maƙwabtanmu ma haka suke. Vivian Dzokoto, masaniyar halayyar ɗan'adam 'yar Ghana, ta nazarci kalmomin Fante da Dagbani a wani aiki da aka buga a 2006, ta samu cewa da yawa daga kalmomin yanayin zuciya a harsunan biyu suna ambaton wata gaɓa, kamar ido ko zuciya ko ciki. Mutanen Anlo na yankin Volta suna da kalmar seselelame, wadda ma'anarta jin abu a cikin jiki.

Alƙur'ani ma ya siffanta damuwa da alamun jiki. Suratul Hijri, aya ta 97, ta ambaci ƙuncin ƙirjin Manzon Allah (SAW) saboda maganganun masu ƙaryatawa. Suratu Yusuf, aya ta 84, ta ba da labarin yadda baƙin ciki ya taɓa idanun Annabi Yakubu (AS). Malaman tarihi sun kira shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa jin nauyin damuwa a jiki ba shaidar raunin imani ba ne.

Likitocin Musulmi na farko sun yi rubutu a kan haka. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki gida biyu. Na farko shi ne mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya. Na biyu shi ne wanda ke sauko wa mutum ba tare da ya san dalili ba, ya hana shi walwala da jin daɗin komai, kuma al-Balkhi ya danganta shi ga matsalar jiki, ya ce yana buƙatar maganin jiki tare da tausasa zuciya da zama cikin mutane. Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara sashen da ya shafi lafiyar rai zuwa Turanci. Ibnu Sina kuwa, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana a cikin Alƙanun yadda likita zai riƙe jijiyar hannun majinyaci yana ambaton sunaye da wurare, ya lura da inda bugun ya canza, domin ya gane abin da mutumin ya ɓoye.

Yawan ji daban, daidaiton ji daban

Masana suna auna wannan ji ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko tambaya ce: a tambayi mutum ko yana lura da canjin numfashinsa, ko ya amince da abin da jikinsa ke gaya masa. Hanya ta biyu gwaji ne. Mafi shahara shi ne wanda Rainer Schandry na Jamus ya fito da shi a 1981, inda mutum zai zauna shiru ya ƙirga bugun zuciyarsa na daƙiƙa 25 ko 35 ko 45 ba tare da ya taɓa jijiyarsa ba, na'ura kuma tana ƙirga na gaskiya, sai a kwatanta. A 2015 Sarah Garfinkel da abokan aikinta suka nuna cewa sakamakon hanyoyin biyu ba dole ne ya zo ɗaya ba. Mutum yana iya cewa yana jin komai a jikinsa, gwaji kuma ya nuna jin nasa bai dace da abin da ke faruwa ba.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A 2014 Yulia Chentsova-Dutton da Vivian Dzokoto suka buga wani bincike da ya kwatanta mutanen Afirka ta Yamma da Turawan Amurka. Mutanen yankinmu sun fi bayar da rahoton cewa suna lura da jikinsu, amma da aka auna bugun zuciya aka kwatanta da abin da suka ce sun ji, na Turawan ya fi kusa da abin da na'ura ta nuna. Bincike ɗaya ne, ba a yanke wa al'umma hukunci da shi. Darasinsa dai a fili yake: al'adarmu ta koya mana sauraren jiki da ba da labarinsa, kuma wannan alheri ne, sai dai fassarar da muke yi wa saƙon tana iya kuskure. Mai jin zafi a tsakiyar kai da wani abu yana yawo a ƙarƙashin fata gaskiya yake faɗa, yana jin su. Ma'anarsu ce ke buƙatar wanda ya karanci fannin.

Yadda ciwon damuwa ke taɓa wannan ji

Ciwon damuwa ya bambanta da ɓacin ran kwana ɗaya ko biyu. Likitoci suna maganarsa idan mutum ya kai aƙalla mako 2, kusan kullum, cikin ƙuncin zuciya ko rashin sha'awar abin da ya saba so, tare da wasu alamu: matsalar barci, canjin cin abinci da nauyin jiki, kasala, nauyin motsi ko rashin iya zama wuri ɗaya, rashin tattara hankali, ganin kai ba shi da amfani, da tunanin mutuwa. Mai karatu zai lura cewa kusan rabin waɗannan alamu a jiki suke.

Shi ya sa mafi yawan masu wannan ciwo da kukan jiki suke zuwa asibiti. Wani babban bincike da aka gina a kan bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya daga ƙasashe 14, ciki har da cibiya a Ibadan, wanda aka buga a 1999, ya samu cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa alamun jiki kaɗai suka kawo a matsayin dalilin zuwansu wurin likita. Da aka tambaye su kai tsaye game da halin zuciyarsu, mafi yawansu ba su musa ba. Ke nan ba ɓoyewa suke yi ba, ba a tambaye su ba ne. A nan ƙasar Asante ma akwai tsohuwar shaida. Margaret Field, wadda ta zauna a wuraren da mutanen karkara ke zuwa neman waraka a shekarun 1950, ta rubuta a littafinta na 1960 cewa ciwon damuwa ya yawaita a tsakanin matan da ta gani, kuma da yawansu suna zuwa ne suna zargin kansu da maita. A lokacin wasu likitocin Turawa suna ganin wannan ciwo bai cika kama 'yan Afirka ba.

Ɓacin jin cikin jiki a wannan ciwo yana zuwa ta fuska biyu. Ta farko ita ce jiki ya yi ƙara. Ƙaramin motsi sai ya zama abin tsoro, bugun zuciya ya zama alamar mutuwa, ciwon baya da na kai su ƙi jin magani. An fi ganin haka idan damuwar ta haɗu da fargaba. Ta biyu ita ce jiki ya yi shiru. Mutum ya wuni bai ci ba kuma bai ji yunwa ba, an yi masa haihuwa bai ji komai ba, an yi rasuwa hawaye ya ƙi zuwa, yana jin kamar jikin ba nasa ba ne. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa masu matsakaicin ciwon damuwa ba su kai masu lafiya iya jin bugun zuciyarsu ba, hoton ƙwaƙwalwa kuma ya nuna raguwar aikin insula idan aka ce su mai da hankali ga cikin jikinsu. Mutum ɗaya yana iya haɗa fuskokin biyu, ciwon kai ya dame shi alhali daɗin abinci da na zama da iyali sun ɓace masa.

Fuska ta biyu ta fi ɓuya ga iyali, domin mai ita ba ya kuka. A wurinmu ma ana iya yaba masa, a ce ya cika haƙuri, ko a zarge shi da taurin zuciya. Wasu masu ibada sukan kawo ta da cewa sun daina jin daɗin salla da karatu, sai su ɗauka Allah ya yi fushi da su, wannan zato kuma ya ƙara musu ciwo. Malamin da aka kawo wa irin wannan kuka ya kamata ya tambaya: abinci fa, kana jin daɗinsa? Barci fa? Hira da abokai fa? Idan duk sun dushe tare, to ciwo ne ya rufe ƙofar jin daɗi gaba ɗaya, ibada kuma tana cikin abin da rufewar ta shafa.

Shirun jiki da tunanin kashe kai

Mafi yawan masu ciwon damuwa ba sa kashe kansu, kuma mafi yawan waɗanda tunanin ya zo musu ba sa aikatawa. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce, me ke raba wanda ya tsaya a tunani da wanda ya yi yunƙuri? Allah ya halicci jiki da garkuwa. Tsoro da zafi da faɗuwar gaba suna janye mutum daga abin da zai halaka shi tun kafin ya yi shawara. Thomas Joiner na Amurka, a littafinsa na 2005, ya ce sha'awar mutuwa tana tasowa idan mutum ya ji ba shi da kowa kuma ya ji ya zama nauyi ga mutanensa, amma aikatawa tana buƙatar abu na uku, wato raguwar tsoron mutuwa da sabawa da zafi.

Nan ne jin cikin jiki ya shigo. A 2015 Lauren Forrest da April Smith da abokan aikinsu suka ruwaito cewa waɗanda suka taɓa yunƙurin kashe kansu sun fi waɗanda suka tsaya a tunani bayar da rahoton yankewa daga jikinsu. A 2020 wata cibiyar binciken ƙwaƙwalwa da ke Tulsa a Amurka, ƙarƙashin Sahib Khalsa, ta kwatanta majinyata 34 da suka yi yunƙuri da wasu 68 masu irin ciwonsu da ba su yi ba. Waɗanda suka yi yunƙurin sun fi daɗewa suna riƙe numfashi, sun fi jure ruwan ƙanƙara a hannu, ba su kai sauran iya jin bugun zuciyarsu ba, kuma insularsu ta fi yin sanyi lokacin da suke sauraren jikinsu. Fassarar masu binciken ita ce, idan ƙararrawar jiki ta yi rauni, shingen da ke tsakanin tunani da aiki yana gajarta.

Dole a fahimci iyakar wannan sakamako. Bambanci ne tsakanin rukuni da rukuni, mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma gwajin ƙirga bugun zuciya kansa masana sun yi masa suka, domin wasu suna kintace ne daga abin da suka sani. Babu wani gwaji irin wannan da zai nuna wane ne zai kashe kansa, kuma wanda bai iya jin bugun zuciyarsa ba kada ya tsorata, masu lafiya da yawa ba sa iyawa. Amfanin ilimin a gare mu shi ne ya koya mana abin da za mu saurara. Idan mai damuwa ya fara cewa ba na jin komai, ni gawa ce mai tafiya, ko ya daina kula da ciwo da rauni a jikinsa, ko aka ga yana ji wa kansa rauni wai don ya ji wani abu, to lamarin ya wuce a bar shi zuwa gobe.

Akwai abin da ke ƙara kashe wannan ji wanda ya shigo unguwanninmu, wato tiramadol da sauran ƙwayoyin kashe zafi da matasa ke sha don jure aikin ƙarfi ko manta damuwa, da giya da wiwi. Aikinsu shi ne toshe saƙon jiki da rage tsoro. Matashin da ya haɗa damuwa da shaye-shaye haɗarinsa ya ninka, kuma korarsa daga gida tana ƙara masa jin ba shi da kowa.

Hukuncin shari'a da dokar ƙasa

Haramcin kashe kai tabbatacce ne, Suratun Nisa'i aya ta 29 ta hana shi, hadisai ingantattu kuma sun yi gargaɗi mai tsanani a kansa. Amma tunanin da ke faɗo wa mara lafiya ba tare da ya so ba alamar ciwo ce, ba a kama mutum da abin da zuciyarsa ta raya matuƙar bai aikata ba, kuma faɗar sa ga wanda zai taimaka neman magani ne, wanda shari'a ta kwaɗaitar a kansa. Jumhurun malamai suna kan cewa Musulmin da ya kashe kansa bai fita daga Musulunci ba, ana yi masa wanka da salla a binne shi a maƙabartar Musulmi, al'amarinsa yana ga Allah. Muslim ya ruwaito labarin wani mutumin ƙabilar Dausu, abokin hijirar Ɗufail ɗan Amru, wanda ciwo ya tsananta masa a Madina ya raunata kansa har ya rasu, kuma Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. Don haka gori ga iyalan mamaci da ƙaurace musu ba shi da madafa a addini.

Ta fuskar doka, sashe na 57 na dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960 ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, abin da ya sa iyalai da yawa ke ɓoye nasu don tsoron 'yan sanda da kotu. A watan Maris na 2023 Majalisar Dokoki ta gyara wannan sashe, yanzu ana ɗaukar wanda ya yi yunƙurin a matsayin mai buƙatar kulawar lafiya. Mutane da yawa ba su san an yi wannan gyara ba, ya kamata limamai su sanar.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a kai kukan jiki asibiti a auna. Ƙarancin jini, ciwon sukari, hawan jini, matsalar maƙoƙo, zazzaɓin cizon sauro da taifod duk suna iya kawo kasala da bugun zuciya da rashin barci. Ciwon ƙirji mai tsanani ko ƙarancin numfashi na gaggawa ne, ba a jira da su. Idan gwaji ya fito lafiya amma kukan bai tafi ba, kada a ce wa mutum ba abin da ke damunka. A gaya wa likita halin barci da cin abinci da na zuciya, a nemi ya duba ko ciwon damuwa ne. A sa ido musamman a kan mai jego, da wanda gobara ko karayar jari ta cinye masa kasuwa, da ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, da dattijon da ya rasa abokin zama, da 'yan matan da suka zo daga arewa suna dako a Kejetia ba dangi kusa.

Na biyu, a yi tambaya kai tsaye, a keɓe, cikin taushin murya: ɗan'uwa, ko ka kai ga tunanin kashe kanka? Bincike ya nuna cewa wannan tambaya ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuma yakan ji sauƙi da aka ba shi damar magana. Idan ya amsa, a saurare shi kafin wa'azi. Ya riga ya san haramun ne, sanin hakan ma yana cikin abin da ke ƙona shi.

Na uku, idan ya ce ya shirya hanya ko lokaci, ko ya fara rabar da kayansa da yin bankwana, ko ya samu natsuwa kwatsam bayan doguwar damuwa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin feshin gona da tarin ƙwayoyi da makamai daga inda zai kai gare su, domin tsananin wannan tunani yakan zo ya wuce, kuma wanda aka tsallakar da shi wannan lokacin yawanci yana rayuwa. A kai shi asibiti a ranar, ko a kira lambar gaggawa ta 112.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda 3, wato na Accra da Pantang da Ankaful, duk suna kudu, amma ba sai an je can ba. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma asibitocin gwamnati na gundumomi suna da ma'aikatan jinya na wannan fanni. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ita ta kafa hukumar da ke kula da wannan aiki, ta kuma kare haƙƙin majinyaci daga wulaƙanci. Maganin damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin aikinsa, ana kuma ci gaba da shan sa watanni bayan samun sauƙi. Ba a daina shi sai da shawarar likita, idan azumi ya zo kuma likita ne zai gyara lokacin sha. Addu'a da ruƙya ta shari'a suna tafiya tare da magani, amma ɗaure mara lafiya da sarƙa ko dukansa da sunan fitar da aljani zalunci ne.

Maido da zumunci tsakanin mutum da jikinsa

Bayan magani da ganawa da masani, akwai abubuwan yau da kullum da ke taimaka wa jiki ya dawo da muryarsa. Cin abinci a kan lokaci ko da ba a jin yunwa, kwanciya da tashi a lokaci ɗaya, tafiya a ƙafa da fita hasken rana, duk an tabbatar da amfaninsu ga mai damuwa. Numfashi a hankali, kamar sau 6 a minti, tare da tsawaita fitar da iska, yana rage saurin bugun zuciya ta hanyar jijiyar bagus. Wanda sauraren jiki ke tayar masa da fargaba ya yi wannan ƙarƙashin jagorancin masani.

Sunna ta zo da kula da jiki a lokacin tashin hankali. An umarci mai fushi ya zauna idan yana tsaye, ya kishingiɗa idan bai huce ba. An umarci mai salla ya bar gaɓoɓinsa su natsu a ruku'u da sujada. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi na garin sha'ir, ga masu makoki da marasa lafiya. Annabi (SAW) ya hana Abdullahi ɗan Amru tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa. Sallar jam'i kuma tana da wata fa'ida da ta dace da abin da Joiner ya faɗa game da kaɗaici: sahu wuri ne da ake gane wanda ya ɓace. Idan wanda ya saba zuwa ya yi kwanaki ba a gan shi ba, a je gidansa. Matan unguwa da makarantun Islamiyya su yi haka ga 'yan'uwansu mata, waɗanda rashinsu bai cika bayyana a masallaci ba.

Ranar 10 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da kashe kai ta duniya, 10 ga Oktoba kuma ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Muna ba kwamitocin masallatanmu shawara su gayyaci ma'aikacin jinya na wannan fanni daga asibitin da ke kusa ya yi wa jama'a bayani bayan salla, liman kuma ya riƙe lambar wayarsa domin ranar buƙata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yaye ƙuncin masu ƙunci, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ne mafi sani.